Yaɓen Gidan Halwa

A ƙauyenmu da ke gefen Ruma, in ka bi hanyar rafi ka wuce gonakin da ke cike da ɗorawa, akwai wani tsohon gini a gindin dutse da muke kira Gidan Halwa. Ba wanda ya san shekarunsa. Mahaifina ya ce wasu malamai ne suka gina shi tun kafin zuwan Turawa. Sun gaji da hayaniyar birni, suka zo nan suka haƙa rijiya, suka yi masallaci da 'yan ɗakuna kewaye da shi. Kowane ɗaki mutum ɗaya yake ɗauka, shi ma sai ya sunkuya. Da rana su yi noma, in sun dawo kowa ya shige nasa da carbi. Yadda suka watse kuma, kowane tsoho da nasa labarin. Wani ya ce yunwa, wani ya ce yaƙi. Kakata kuwa cewa take yi aure ne ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya, kuma ni na fi yarda da ita.

Ɗakunan sun zama ma'ajiyar dawa, daga baya awaki suka gaje su, har ginin ya narke ya koma tudu. Masallacin kaɗai ya rage, shi ma don ana yi masa yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka. Wannan aiki a wuyan gidanmu yake, gado ne. Da bazara Baba zai jiƙa ɓawon ɗorawa har ya yi makuba, baƙin ruwan nan da ke sa ƙasa ta yi tauri, sannan ya kira gayya. Maza su kwaɓa ƙasa da ƙafa, su hau soro su gyara indararo, su shafe bango da hannu. Mu mata namu ɗebo ruwa ne daga rafi, mu sauke tulu a gindin wata tsamiya, mu juya. Mace ba ta wuce tsamiyar nan. Wannan doka ta daɗe tana ci mini rai. Wuyana ya ɗauki ruwan da aka gina wurin da shi, amma idona bai isa ya ga ciki ba. Na taɓa tambayar Baba ko malaman ba mata ne suka haife su ba, ya yi dariya har da riƙe ciki, amma bai bar ni na shiga ba.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini, kuma yana gaya mini abin da ba ya gaya wa maza. Wata shekara bayan an gama yaɓe, yana wanke hannu a bakin tuluna, ya ce, "Uwata, kakana ya ba ubana wurin nan a tsaye, ubana ya ba ni a tsaye. Abu guda nake roƙon Allah, kada a ce a hannuna ya hwaɗi."

Na yi aure, na fara koyarwa a wata firamare a Safana. Ina can 'yan bindiga suka fara addabar yankinmu. Aka kora shanu, aka ɗebi mutane, ƙauye ya watse. Yayana ya kwaso Baba zuwa gidan da yake haya a Batsari. Shekarar farko su biyu suka lallaɓa a babur da rana tsaka, suka toshe tsagar soro a gaggauce, suka dawo. Shekara ta biyu ko mai acaɓa ba ya yarda ya bi hanyar.

Baba bai fasa shirinsa ba. Ranar kasuwa yakan bi masu sayar da ɗorawa ya tattaro ɓawo, ya jiƙa a wani tsohon durom da ya aro, a tsakar gida. Matar yayana ta yi ƙorafin wari har ta gaji. Da la'asar ya ɗauki sandarsa ya bi gidajen mutanen ƙauyenmu da suka yi hijira, yana neman 'yan gayya. Kowa ya tarbe shi da girmamawa, ya ce, "Allah ya kai mu, Malam." Ba wanda ya ce a'a, ba kuma wanda ya sa rana. Ban ga laifinsu ba. Mutumin da aka ɗauke wa ɗa ba za ka ce masa ya zo kwaɓa ƙasa a bakin daji ba.

Wani hutu na zo na tarar yana ɗaure cokalin gini a cikin buhu, wai gobe zai tafi ko da shi kaɗai ne. Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, ƙasa ce fa! In suka kama ka, bangon ne zai zo ya karɓo ka?" Ya dube ni ya ce, "Ke ma ƙasa ce, Uwata, amma na yi renonki." Na ɓoye takalmansa, yayana ya kulle babur. Har yau ban ce mun yi kuskure ba, sai dai bai yi mini magana ba har hutun ya ƙare.

Damina biyu suka wuce a haka, ta biyun da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙafafun Baba suka yi rauni, ko masallacin unguwa sai an riƙe shi. Da kaka ta yi, aka ɗan samu sauƙi, mutane suka fara leƙa gidajensu da rana. Ya kira mu ni da yayana ya ce, "Ku tahi ku dubo mani."

Hanyar rafi ta cike da ciyawa har ƙugu. Yawancin ɗorawar an sare an yi gawayi. Bakin rijiyar malamai ya zube. Da muka iso tsamiya na sauka daga babur na tsaya, ƙafata da kanta ta tsaya. Yayana ya wuce, can ya dawo ya ce, "Taho. Babu sauran ƙofar da za a hana ki."

Soron ya rufta gaba ɗaya. Azara ta karye ta caki ƙasa, tafasa ta fito a inda ake sahu. Bangon gabas ne kawai a tsaye, da alkukin fitila, da sawun yatsun mutane a jikin yaɓen, wasu a kan wasu. Wurin ɗan ƙarami ne, bai kai ajin da nake koyarwa ba. Tun ina yarinya nake son ganinsa, amma ba a haka ba. Na zauna a kan tarin ƙasar na yi kuka.

A hanya yayana ya ce mu gaya masa yana nan, tsaga ce kawai ta ƙaru. Na ce to. Muka same shi a zaure a kan buzu. Bayan gaisuwa yayana ya fara zuba, har da cewa indararo ɗaya ne ya goce. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya juyo gare ni.

"Uwata, ke mi kika gani?"

Na ce, "Alkukin yana nan, Baba. Har sawun hannuwanku."

Sai a lokacin na tuna daga gindin tsamiya ba a hango alkuki.

"Kin shiga ke nan."

"Na shiga."

"Babu rufi."

"Babu, Baba."

Ya ce innalillahi a hankali, ya ja carbinsa. Bai yi faɗa ba, bai tuna mini maganar takalma ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Washegari da hantsi ya aika a kira matar yayana. Ta durƙusa a bakin zaure. Ya ce, "Ɗiyata, kin yi haƙuri da wari. Makubar can, ki kwashe ki daɓe madafarki da ita. Durom ɗin kuma a maida wa mai shi."