Litinin ɗin da Des Hurlstone Ya Kashe Wutar Shinge

Des Hurlstone ya yi shekara hamsin da takwas a duniya bai taɓa tsaya wa kowa ba. A makaranta in an ƙwace masa abincin rana sai ya ce dama ba ya jin yunwa. Dillalin da ya sayar masa da tarakta mai tashi sai an tura, har shayi Des ya haɗa masa. Gonar da yake aiki a bayan Eltham ta surukinsa ce, shanun kuma na matarsa Raewyn ne, irin da ubanta ya yi shekara arba'in yana tacewa, kowace da sunanta. Aikin Des tatsa da wanke kashi.

To mutum irin wannan, da tsufa ya zo, wane wasa kuke tsammani ya ɗauka? Kartar foka ta intanet, wadda ba a sa wa kuɗin zubi iyaka, inda mutum zai turo duk abin da ke gabansa ya ce in ka isa ka biyo, in ba ka isa ba ka yar da kartarka. Litinin da safe yake zama, bayan tatsa, lokacin da, saboda bambancin agogo, sauran duniya ke cikin Lahadinta kuma manyan gasa ke buɗe.

A nan ya gamu da ɗan Brazil. Bai san sunansa ba, bai san fuskarsa ba, tutar ƙasarsa kawai yake gani. Duk abin da Des ya zuba, sai yaron ya ninka sau uku. Des ya yi ta zufa, ya yar da karta, shi kuwa ya buɗe tasa ya nuna masa kartar banza ce, ya haɗa masa da hoton dariya. Wata takwas ana haka. Abin ya ci wa Des rai fiye da duk wulaƙancin da ya sha ido da ido. Amma ya gano abu ɗaya: in yaron na da karta mai kyau yakan ɗan jinkirta, in burga ce nan take yake turowa.

"Yau zan kama shi, Rae," in ji Des, yana shafa man shanu a burodi.

"Kai ɗin? Kai da kaza ke kora daga rumfa?" Raewyn ta ɗauki makullin mota, za ta kai uwarta wajen likitan haƙori a Hāwera. "Ka ji ni da kyau, tsoho. Sabuwar ciyawar nan ta jiƙe da raɓa, wayar shinge ɗaya ce tsakaninta da shanu. In suka shiga, kumburin ciki zai kashe su kafin ka sa takalmi. Kada ka taɓa min wutar shinge."

"Haba, ni yaro ne?"

Ga inda matsalar take. Layin tarhon hanyarsu tsoho ne, kuma kusa da shingen lantarki ya bi. Duk bugun da wutar ta yi, intanet sai ta yi tari, wani lokaci ta ɗauke gaba ɗaya, kuma wanda layinsa ya yanke ana cikin wasa, an yar masa da karta ke nan. Duk manoman hanyar sun san maganin: ka leƙa gareji ka kashe wutar na minti biyar, shanu ba za su farga ba. Haka ake cewa dai. Shanun ba a tambaye su ba.

Ƙarfe goma aka jefo ɗan Brazil teburinsa. Layi ya yanke sau biyu. Des ya miƙe ya shiga gareji ya kashe wutar. Minti biyar kawai, ya gaya wa kansa, ya dawo ya zauna minti arba'in.

Sai aka raba masa karta biyu masu lamba tara. Ba laifi, ba kuma abin alfahari ba, don a tsakiyar tebur an buɗe sarki, kuma duk mai sarki a hannu ya gama da shi. Kartar ƙarshe na faɗuwa, ɗan Brazil ya turo komai, ko numfashi bai ja ba. Agogo ya fara ƙirga wa Des daƙiƙa casa'in.

Ya ɗaga kai don ya yi tunani, idonsa ya faɗa taga. Wayar shinge na ƙasa. Shanu sun baje cikin ciyawar, kuma da gani ba yanzu suka shiga ba. Marigold, uwar garke, wadda Raewyn ta raina da kwalba tun tana maraƙa, ta daina ci, ta tsaya ƙafafu a ware, gefenta na hagu ya taso kamar ganga.

Ya san abin da ya kamata, sarai ya sani, galan ɗin mai da wuƙa na maganin kumburi suna nan bakin ƙofa. Amma in ya tashi, yaron ya sake korarsa ke nan. Kai, gogan naku ya zauna ya cinye daƙiƙa casa'in ɗin nan tas, sannan ya danna ya bi.

Aka buɗe kartar yaron: shida da uku! Ko tsinke yaron ba shi da shi. Des ya buga tebur ya yi ihun da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Bai tsaya nan ba, sai da ya lalubo haruffa da yatsa biyu ya rubuta masa "na kama ka", alhali an riga an cire yaron daga teburin, ba mai karantawa.

Sannan ya ruga. Ya kori garken, ya ɗura wa wasu mai, ya huda cikin biyu da wuƙa iska ta fita suka miƙe. Huɗu ba su miƙe ba.

Da Raewyn ta dawo, ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi tsorata shi. Ta durƙusa cikin ciyawar ta ɗora kan Marigold a cinyarta, tana shafa mata kunne, hawaye na zuba. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Wace karta ce a hannunka?"

"Tara biyu," in ji Des. Kunya ta rufe shi, amma bakin nan nasa bai iya yin shiru ba. "Kuma daidai na yi, Rae. Burga yake yi."

"Sannu da ƙoƙari," ta ce. "Je ka haƙa rami uku."

"Ai huɗu ne."

"Uku ne naka. Wannan ni zan binne ta, kada ka kuskura ka sa mata hannu."