Wushiryar Umma

"Yi murmushi in gani," in ji kakata jiya da na je gaishe ta a Jakara.

Shekara biyu na yi da ƙarfen gyaran haƙori a bakina, saboda na sama sun turo gaba. Ba rake, ba ƙuli-ƙuli, ranar da likita ya ƙara ɗaure waya kuwa sai kunu. Makon jiya aka cire.

Na yi mata murmushin.

"Ina wushiryar?"

"Likita ya haɗe ta, Hajiya. Wai ita ma karkata ce."

Sai ta ce, "Ita nake kallo idan kewar mahaifiyarki ta taso min. Allah Ya jiƙanta."

Wallahi ko madubi na kasa dubawa. Jama'a, akwai wanda ya taɓa gyara abu ya dawo yana nemansa?