Jikan Sarkin da Ba a Miƙa wa Takarda

Shekara biyu na yi ina tuƙa wani injiniya ɗan Japan a Doha, kuma da wuya gari ya waye bai ba ni labarin kakan kakansa ba. Wai sarki ne a wani yanki na ƙasarsu, gidansa bisa tudu, dakarunsa kowa da takobi biyu. In ya fito, manoma zubewa suke a bakin hanya, goshi a ƙasa, har ya wuce. Daga gidansa a Mirƙab har ofis wannan surutu yake yi. Ni dai sai in gyaɗa kai, a zuci kuwa ina cewa, ji jikan sarki, ba shi da talaka ko ɗaya sai ni da mai shara.

Wata Asabar yayata ta bugo waya daga Katsina ta ce Inna ta kwanta, har ta fara daina gane mutane. A lokacin ba ka barin Qatar sai kamfaninka ya sa hannu a takardar fita, kamfani kuwa a wajenmu wannan mutumin ne. Na rubuta roƙona. Washegari da danja ta tsayar da mu a titin Kornish na bakin teku, na miƙa masa ta kan kafaɗata.

Ko taɓawa bai yi ba. Cikin murya mai sanyi ya ce, a zamanin kakansa talaka ba ya kai kuka wurin sarki da hannunsa. Sai ya bi ta mai gari, mai gari ya kai wa na sama da shi. Wanda ya tsallake, ko yana da gaskiya, sai an hukunta shi. Wai haka ƙasa take zama lafiya.

Na ce, "Yallaɓai, uwata ce fa."

Ya ce, "Ka ba shugaban direbobi."

Wallahi da ba don tuƙi nake ba, da na juyo na kalli idonsa. Mutumin da ko hanyar gidansa bai sani ba sai da ni, shi ne yake koya mini zaman ƙasa. Na tsane shi a ranar, kuma ban ji kunyar hakan ba.

Shugaban direbobi ya ba magatakarda, magatakarda yana hutu. Kwana takwas takardar tana yawo. Kowace safiya mai sa hannun yana zaune a bayana, ina jin numfashinsa, yana ci gaba da labarin rumbunan shinkafar kakansa.

Ran nan aka kira ni ofishinsa. Nan take ya sa hannu, ya miƙe tsaye, ya riƙo takardar da hannu biyu, ya sunkuya mini har da murmushi. Ya ce yana yi wa mahaifiyata fatan samun sauƙi.

Na karɓa da hannu ɗaya. Na ce masa shekaranjiya aka binne ta.