Daji Ba Ya Son Ƙarfe

Har yau idan na ga zabirar wanzami sai zuciyata ta tashi, kuma ba na ɓoye dalili.

A shekarun farko na mulkin kai ina aure a Tambuwal, yayana kuma yana Kebbe da iyalinsa. Yana da wata ɗiya mai surutun tsiya, ba ta isa tallan fura ba amma ta isa ta yi wa kowa gyaran magana. Da na je ganin gida bayan girbi sai na tarar bakin ya mutu. Muryarta ta koma ta hanci, tana minshari ido biyu, tuwo ba ya wucewa sai kunu, ga wani ƙullutu a gefen wuya.

Uwarta ta ce belu ne, wato ɗan naman nan da ke reto a maƙogwaro. Na ce ai tun tana jaririya aka cire mata. Ta ce wanzami ya ce ya sake tohowa, har ya ƙara yankewa, kuma gobe zai dawo.

Ya dawo kuwa, ina tsaye. Ya zaro ɗan ƙarfensa mai lanƙwasa daga zabirar da maiƙo ya mayar baƙa ƙirin, ya goge shi a gwiwar wandonsa. Aka danne yarinya, ya tura kara ya danne harshe, ya yi ta lalube cikin maƙogwaron da babu sauran abin yanka. Jini ya fito da wani wari irin na naman da ya kwana. Ya ɗaga ɗan abin da ya yago yana nuna wa mutane, su kuma suna yi masa sannu da aiki. Na zagaya bayan ɗaki na yi amai.

Na roƙi a ba ni ita ta sha iska a wurina, aka ba ni. Muna isa Tambuwal na kai ta asibitin En'e, wato na hukumar gargajiya. Malamin asibiti ya haska bakin, sannan ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Yana zaton ciwon daji ne, irin wanda ba kasafai ake gani ga yara ba. Ya ce a kai ta Sakkwato da wuri, likita ya duba, ko aiki ko allura. Bai yi mini alkawarin za ta warke ba. Mijina ya yi magana da mai motar da ke tashi ran kasuwa.

Bakina ne bai iya shiru ba, na aika wa uwarta. Kafin ran kasuwa sai ga Yaya a zaure, ko ruwa bai sha ba.

"Mi anka ce yana damun ta?"

"Daji na, Yaya. Sakkwato za mu kai ta."

"To ke ba ki san daji bai son ƙarfe ba? Allura na taɓa shi sai shi watsu cikin jiki. Kashe min ɗiya kika so?"

Na ce, "Askar wanzamin da kara anka yi ta?"

Ya dube ni kamar na zagi iyayenmu. "Wanga daban. Wanzami belu ya yanka, ba daji ba."

Na yi kuka, na yi faɗa, mijina ya sa baki. Yaya ya ce shi ya haife ta. Ya ɗora ta a jaki, tana riƙe da gefen zanena sai da aka ɓamɓare yatsunta. Ban san ko Sakkwato za ta tsirar da ita ba, ban taɓa cewa na sani ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ba a bari an gwada ba.

Ba ta ga damina ba. Bayan an dawo daga maƙabarta Yaya ya same ni a tsakar gida, ya sassauta murya, wai lallashi na yake yi.

"Ki yi haƙuri. Mu gode Allah da ba a kai ta anka yayyanka ba. Ta koma ga Ubangijinta da jikinta cikakke."

Shi bai shiga ɗakin wankan ba. Ni na wanke ta, ni na sa yatsa na share cikin bakin nan kafin na ɗaure haɓar.