Wa Ya Ba Shi Ruwa?

Akwai warin da har yau in na shaƙa sai gabana ya faɗi, shi ne warin man shanu da aka kwaɓa da garin magani aka dame kan jariri da shi. Aikin jinya nake yi a ɓangaren yara, don haka ina yawan gamuwa da shi in na zame wa yaro hula. Ɗaliban da nake koyarwa sukan toshe hanci. Ni kuwa sai in ga kaina ina 'yar shekara tara, a tsakar gidanmu na unguwar Gardole a Injamena.

Babanmu mutumin Damagaram ne, fataucin atamfa ya kawo shi Injamena. Wata biyu yana hanya, wata ɗaya yana gida. In ba ya nan, gidan na Kaka ne, uwarsa. In yana nan ma, maganar gaskiya, nata ne. Tsohuwa ce 'yar firit mai kaifin ido, ta raini 'ya'ya bakwai, kuma rabin yaran Hausawan unguwar a hannunta suka faɗo duniya. Wa ya isa ya ce mata ba haka ba? Ba dai Innarmu ba, wadda ko ɗaga ido ba ta yi a gabanta.

A bazarar da nake ba ka labari, zafi ya kai inda ba a taka tsakar gida babu takalmi. Ƙanena yana da wata tara, ni ce mai goyonsa in na dawo daga lakwal, wato makarantar boko. Yaro ne mai ƙiba da son dariya, ya iya cafke min kitso ya ja har sai na yi ƙara. Wata safiya ya tashi da zawo, kafin azahar amai ya biyo. Kaka ta sa yatsa ta taɓa dasashinsa ta ce haƙori ne, kowane yaro yana yi.

Washegari tsakiyar kansa ta lotsa, wurin nan mai taushi da ke motsi. Kaka ta ce maɗiga ce ta faɗa, ita ta jawo zawon. Ta kwaɓa maganinta ta dame wurin, sannan ta kafa doka.

"Kada a ba shi ruwa, kada a ba shi nono. Duk abin da aka zuba ta sama ta ƙasa yake fita. A bar cikin ya huta ya tsane."

Wallahi ni a lokacin na ga gaskiyarta. Da idona nake gani, yana sha yana fitarwa. To amma da yamma maƙwabciyarmu Balarabiya ta leƙo, ta ɗago fatar cikinsa da yatsu biyu, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Ta ce da Inna cikin Larabci a kai shi asibiti yanzu, ruwa ne ya ƙare a jikinsa. Kaka ta ce ciwon maɗiga ba na likita ba ne, kuma ba a fita da ɗan mutum ubansa ba ya gari. Matar ta kaɗa kai ta fita.

Nan kaina ya kulle. Wannan ta ce ruwa ya yi yawa, waccan ta ce ruwa ya ƙare, kuma yaro ɗaya suke kallo. Na dubi Inna ko za ta raba min gardama, ita kuwa ƙasa take kallo.

Rana ta uku ya daina kuka da hawaye. Yana buɗe baki, murya na fita a shaƙe, ido a bushe ƙamas. Bayan azahar Kaka ta shiga salla, Inna tana wanke tsummansa a bayan ɗaki, ni ina riƙe da shi a inuwar da randa take. Na ɗebi ruwa a moɗa zan sha. Sai na ga idonsa yana bin moɗar, leɓensa yana motsi. Kai, ban san lokacin da na kafa masa a baki ba. Ya kama gefen moɗar da hannu biyu yana zuƙa har yana ƙwarewa, ruwan ya zubo ta wuyan rigarsa. Kurɓa huɗu ko biyar ya yi na janye, saboda na ji Kaka ta sallame salla. Ban sani ba ko taimako na yi ko ɓarna.

Bayan la'asar ya cika, a cinyar Kaka. Ta shafa masa ido, ta yi salati, hannunta ya sauka kan wuyan rigar ta ji danshi. Ta ɗago kai a hankali.

"Wa ya ba shi ruwa?"

Inna ta sunkuyar da kai har haɓarta na taɓa ƙirji. Kaka ba ta sake tambaya ba, ta ce kwanansa ne ya ƙare. Amma ni na riga na ji hukuncina. Shekara goma sha uku ina yawo da wannan magana a ciki: ni na kashe shi. In Inna ta yi min alheri sai in ji kamar sata nake ci. Ko moɗar nan ban ƙara sha da ita ba.

Kaka ta rasu, muka tashi muka koma unguwar Atron inda Baba ya gina gida, ni kuma na shiga makarantar koyon jinya. Ranar da aka zo darasin zawo da amai na yara, malamar ta jera alamomin ƙarewar ruwa a allo: maɗiga ta lotsa, fata ta ƙi komawa, kuka babu hawaye. Ta ce lotsewar maɗiga ba ita ke kawo ciwon ba, ƙishirwa ce ta kai matuƙa. Ta ce kada a yanke nono ko na sa'a guda, a riƙa bayar da ruwan gishiri da sukari cokali bayan cokali, ko da yaron yana amayarwa. Alƙalami ya suɓuce min. Wai ashe ban kashe shi ba? Ashe kaɗan na ba shi? Na rasa ko murna zan yi ko ihu.

Da na koma gida na tarar da Inna tana tsinke yakuwa. Na zauna kusa da ita na ce, "Inna, ruwan nan da Kaka ta tambaya, ni na ba shi."

Ta ajiye ganyen ta daɗe tana kallona.

"Ke ma?" in ji ta. "Ni in na shiga da shi banɗaki wanki nake ba shi nono. Sau biyu a rana, a tsaye, ina sauraron takunta. Duk shekarun nan na zaci nonona ne ya ƙarasa shi."

Na jawo faifan na ci gaba da tsinke yakuwar da ta fara yaushi.

Yau ƙullin garin gishiri da sukari yana cikin kowane ɗakin magani na unguwa, 'yan mata ƙanana ma sun san yadda ake dama shi. Inna ta tsufa, ita ce kakar gida yanzu, jikanta na yin zawo ita ke fara kiran a kawo cokali. Ni dai har yanzu ban san wa zan ji haushi ba. Kaka ta fi kowa son yaron nan, kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba. Abin da ke ci min rai shi ne mu biyu ne a gidan muke son ba shi, ni da uwarsa, taku goma tsakaninmu, kowa tana ɓoye wa ɗaya. Da ɗayarmu ta yi magana, da wataƙila mun ɗauke shi mun fita.