Na Je Kaduna Ganin Abba

Mun tashi daga Malumfashi ana idar da sallar asuba, ni da wata maƙwabciyata da za ta ga 'yarta. Rabona da Kaduna shekara biyu da rabi, tun haihuwar Abba, ɗan ƙanena Malam Sani, wanda na je na yi wa uwarsa Binta zaman jego. Tsarabata daddawa ce da kuka, sai keken wasan yara na katako da na sa kafinta ya yi masa. Direba ya so ya ɗaure shi a saman mota tare da kaji, na ce sam, na rungume abina har Kaduna.

Hanyar Funtuwa ramuka ne, kowa na salati. Daga Zariya kwalta ta yi santsi, direba ya saki mota kamar an biyo shi. A Mararraba muka tsaya, na sayi ayabar kwabo goma, abokiyar tafiyata ta yi ta cinikin doya har aka kusa barinta. Da azahar muka sauka tashar Kawo, tasi ta kai ni Unguwar Dosa. Gidajen ma'aikata ne jere, ga famfo ga lantarki, kowa ya rufe ƙofarsa.

Binta ta tarbe ni da fara'a. Da ta ga keken sai ta karɓa ta yi godiya, ta kai shi bayan ƙyaure. Na ce ina ɗan nawa, ko ya tafi yawo? Ta ɗaga labule.

Yana kwance kan katifa, wuyansa bai tsaya ba, hannuwansa a dunƙule, ƙafafunsa sun sandare sun harɗe. Ba ya zama, balle rarrafe. Wasiƙun Sani duk "Abba yana lafiya" suke cewa, ni kuma ban taɓa tambayar abin da ya wuce haka ba.

Da la'asar Sani ya dawo daga ofis, na tsare shi. Ya ce, "Yaya, likita ya ce shawarar nan ce da ya yi yana jariri. Ta yi yawa, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ya ce da an kawo shi a kwanakin farko, da wataƙila an tare ta."

Nan take na tuna. Abba na da kwana uku idonsa ya yi ɗorawa, ya daina kama nono. Sani ya ɗauko tasi har ƙofar gida. Ni ce na tsaya a bakin ɗaki na ce ba a fita da jariri kafin suna, 'ya'ya bakwai na haifa, shawara ai sassaƙe ne maganinta. Ya ji kunyata ya sallami motar.

Kwana biyar na yi. Na ga yadda Binta ke ba shi kunu da ƙaramin cokali, rabi ya shiga rabi ya dawo. Na raka ta asibiti wurin gashin ƙashi, tana goye da shi, ƙafafunsa na dukan cinyarta. Yaron akwai son mutane, in ka yi masa tafi sai ya wage baki yana dariya. Kullum nakan ce yau zan roƙi Binta gafara, kullum bakina ya yi nauyi. Sai a tasha na iya, ranar da ta rako ni. Ta ce, "Yaya, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni ma ranar daɗi na ji da kika hana, tsoron asibitin nake yi. Ki dai riƙa zuwa."

A hanyar dawowa ban san an wuce Zariya ba. Tafiyar nan ta nuna mini haihuwa bakwai ba ta mai da mace likita, kuma girma yana iya rufe bakin mai gaskiya.

Na iso gida da magariba, mata suka cika tsakar gida ana sannu da hanya. Wata ta ce, "Abba dai yanzu sai gudu ko?" Saura kaɗan in ce lafiya lau. Na ce su zauna, na faɗa musu yadda na same shi, na kuma faɗa musu wadda ta tare ƙofa.