Ƙasar Da Muka Tankaɗe

Har yau in na ji ƙarar rariya ana tankaɗe, kafaɗuna ne suke fara amsawa.

A shekarun da sojoji suke bore a Bangi, babban birnin ƙasarmu, yau a sasanta gobe a koma, wani makami ya faɗo bayan tsohon masallacin unguwarmu a Kilomita Biyar, ya rushe katanga, ya fasa lambatu. Iyayen kakanninmu ne suka gina masallacin sa'ad da suka fara sauke kaya a garin. An daɗe da daina salla a ciki, amma kowa ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Duk takardar Alƙur'ani da ta tsufa, duk allon da ya tsage, a nan ake binne su, don ba a jefa sunan Allah a juji. Ga damina ta kama, ruwan ƙazanta kullum ƙara matsowa yake.

Kakana ya miƙe bayan salla ya ce wa zai taimaka don Allah a kwashe kayan magabata. Mutane suka sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu ba, kasuwa a rufe, gidaje babu garin rogo. Kawuna ya zo da shebur, wani tela ɗan unguwar Yakite ya zo da kwano, ni kuma kakata ta ba ni rariyarta.

Su suna haƙa, ina tankaɗewa. In harbi ya tashi daga wajen kogi mu kwanta cikin ramin, in ya lafa mu karkaɗe riga mu ci gaba. Muka sami kurtun tawada, da ƙwayoyin carbi, da fasasshen tulu, da guntun allo da ya yi laushi kamar dafaffen rogo. Ƙasar da ta bi ta rariya kuwa, watsa ta nake a bakin lambatu.

Idon kakana ya riga ya yi rauni, sai ya shafa abu yake gane shi. Ya shafa duka, ya ce, "Takardun fa?"

Kawuna, wanda yaren Sango ya fi zama a bakinsa, ya ce, "Baba, babu takarda ko ɗaya. Sese ce kawai." Wato ƙasa.

Tsohon ya damƙi ƙasar, baƙa wuluk, ya sansana. "Wadda kuka tankaɗe, ina kuka zuba ta?"

Na nuna bakin lambatu, na manta ba ya gani. Kawuna ne ya faɗa masa.

Ya ce, "To ina kuke tsammanin rubutun ya tafi?"

Haka muka koma muna kwasar abin da muka wuni muna zubarwa, kwano-kwano a ka, har gindin mangwaron gidanmu a Kokoro, can gefen Kilomita Biyar. Hadari ya riga mu. Abin da ya saura, ina kallo ruwa ya narkar da shi ya bi lambatu. Kakana bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Yanzu shagon gyaran waya ne a gurbin masallacin. Gidan Kokoro ya bar hannunmu, an sare mangwaron, an shafe wurin da siminti. Jikokina ba sa karanta ajami, Hausar ma sai na maimaita. Amma in hanya ta bi da ni ta ƙofar gidan nan, nakan cire takalmi in riƙe a hannu. Yaran unguwar sun ɗauka ciwon ƙafa ne. Na gaji da bayani, na bar su a haka.